Motar da Ke Tari Ranar Kasuwar Shinkafi

A garin Kaura Namoda an yi wani bakanike mai suna Jibrilu. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma bana shekara biyu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa da rahama. Ba don ɗan'uwana ba ne nake faɗa, duk direban da ke bin hanyar Shinkafi da Zurmi ya san Allah ya ba shi hannu. Garejinsa yana gindin wata tsamiya a bakin titi. A jikin tsamiyar nan ya kafa wani babban allo na ƙarfe mai shuɗin fenti, an rubuta da fari: INJINIYA JIBRILU MAI KUNNE. Ana ce masa Mai Kunne ne domin da jin ƙarar inji yake gane ciwon mota. Allon nan kuwa ya fi son sa a kan rigarsa ta sallah. Kullum da safe shi yake goge shi da kansa kafin ya taɓa sifana.

Aibin Jibrilu ɗaya ne, amma babba. Kunnen nan nasa mota kaɗai yake ji, ba ya jin mutum. Idan ka kawo masa mota ka buɗe baki za ka yi bayani, kafin ka kai tsakiyar magana ya ɗaga maka hannu ya ce, "Ya isa. Tada ta kawai." Sai ya karkata kai, ya lumshe ido ɗaya, ya yanke hukunci. Sau tara cikin goma yana dacewa, kuma taran nan su suka hana shi tunanin ta goman. Ko a gida haka yake. Mu ƙannensa har mun saba, idan muna da magana da shi daga ƙarshe muke farowa.

Wata Asabar cikin bazara wani direba mai suna Hammadu ya shigo garejin da tsohuwar a-kori-kura. Gadon mahaifinsa ce, kuma da ita yake ciyar da gidansu. Yana ɗaukar buhunan hatsi da albasa da 'yan kasuwa, yau Gusau, gobe Zurmi, ranar Alhamis kuma kasuwar Shinkafi. Hammadu mutum ne mai sanyin hali da dogon zance. Idan ka tambaye shi hanyar Zurmi, sai ya fara ba ka labarin wanda ya fara kai shi can.

Ya sauko ya gaida Jibrilu, ya ce, "Injiniya, wagga mota tawa ce ta ɗauko wani hali. Tari take yi. Ina cikin tafiya sai ta fara fizga, tana harbi ta salansa, ƙarfinta ya mutu kamar an riƙe ta ta baya. Can kuma sai ta saki da kanta. Amma ka ga, ba kullum ba ne. Ranar da za ni Shinkafi, da safe idan na buɗe bonet, Inna takan..."

Jibrilu ya ɗaga hannu. "Innar ka kawo mini gyara ko motar? Tada ta kawai."

Hammadu ya haɗiye sauran maganarsa, ya murza makulli. Mota ta tashi sumul, tana bugawa daidai kamar keken ɗinki. Jibrilu ya karkata kai ya saurara. Ya sa aka taka totur, ya sa aka saki. Babu tari, babu fizga, babu komai. Gaskiyar magana bai ji wani ciwo ba. To amma ga mutane zaune a bencin mai shayi suna kallo, ga allo a saman kansa. Yaya Mai Kunne zai ce bai ji komai ba?

Ya ce, "Abin da kake cewa tari, mu mis muke ce masa. Wutar da ke ƙona mai ce take tsallake bugu. Fulogi ne. Umar! Miƙo fulogi huɗu."

Umar shi ne mai shagon kayan gyara da ke fuskantar garejin. Ɗan kawunmu ne, wato taubashinmu, don haka shi kaɗai ne a duk Kaura yake gaya wa Jibrilu abin da ya ga dama a kwashe lafiya. Ba ya kiransa da kowane suna sai "bawana". Ya kawo fulogin yana cewa, "Bawana, ni fa daga shago ban ji tana tari ba."

"Kunnenka na jin ciniki ne," in ji Jibrilu. "Koma ka jira masu saye."

Aka canza fulogi, Hammadu ya tafi yana godiya.

Asabar ta zagayo, sai ga a-kori-kura ta sake shigowa gindin tsamiya. Hammadu ya ce Litinin ya je Gusau lafiya, Talata ya yi jigila cikin gari lafiya, Alhamis kuwa da ya kama hanyar Shinkafi tari ya dawo sabo.

"Man bumburutu ka ba ta ta sha," in ji Jibrilu. "Datti ne."

"Wallahi a gidan mai na sha. Abin da nake son in gaya maka shi ne..."

"Tada ta kawai."

Ta tashi lafiya lau. Duk da haka Jibrilu ya kwance kafireta ya wanke ta tas, ya canza matatar mai, ya busa bututun da bakinsa har fetur ya shiga masa maƙogwaro. Bayan kwana huɗu Hammadu ya dawo daga Zurmi da labari iri ɗaya. Wannan karon Jibrilu ya canza koyil mai ba da wuta, ya haɗa da famfon mai don kada a sake dawowa. Aka sake dawowa.

A zuwa na huɗu mutanen bencin mai shayi ba su jira an kira su ba, suka taso suka kewaye motar. Hammadu ya tsaya yana murza hularsa a hannu.

Ya ce, "Injiniya, ni dai abin ya ɗaure mini kai. Gusau lafiya. Cikin gari lafiya. Shinkafi da Zurmi kaɗai take yi wa haka."

Wani dattijo ya ce, "Halan tsoron hanyar take ji, kamar kowa."

Aka yi dariya, amma ba mai tsawo ba, domin kowa ya san yadda hanyar ta zama a shekarun nan. Akwai wurare a cikinta da direba ba ya so ko giya ya rage, balle inji ya mutu masa.

Umar ya ƙetaro titi yana sakace. "Bawana, saura mi ba ka canza ba? Na duba shago, sitiyari da direba kaɗai sunka rage. Sitiyarin ina da shi. Direban sai an aika Kano."

Wannan dariyar ita ce ta yi tsawo. Jibrilu ya ji ta har cikin ƙashinsa. Ya jefar da tsumman hannunsa a kan bonet, ya nuna tsamiya da yatsa.

"Ku shaida. Zan sake bin ta daga kai har wutsiya. Wallahi idan wagga mota ta sake tari ranar Alhamis, da hannuna zan sauke allon can."

Umar ya cire tsinken daga bakinsa. "Kun dai ji, jama'a. Ba ni na sa shi ba."

"Kuma da ni za a tafi," in ji Jibrilu, "in ji tarin nan da kunnena."

Hammadu ya yi murna. "Madalla! To ka zo gida da sassafe mu tashi tare, sai ka ga yadda..."

"Injiniya ba ya bin mota gida. Ka biyo ta nan ka ɗauke ni."

Ranar Laraba Jibrilu bai karɓi aikin kowa ba. Ya wuni a kan motar Hammadu. Ya ɗaure abin da ya kwance, ya goge abin da ya yi tsatsa, ya bi kowace waya da yatsa. Har dilko ya buɗe. Dilko shi ne wani ƙulli mai murfin baƙar roba a gefen inji, da wayoyi biyar masu kauri a kansa, shi yake raba wa fulogai wuta. Ya leƙa cikin murfin ya ga a bushe yake ƙarau, bayansa kuwa baƙin mai da ƙura sun lulluɓe. Ya mayar ya rufe. Da yamma ya ce wa Hammadu ko Agadas yake so ya je, motar ta shirya.

Alhamis da hantsi bai gama ɗagawa ba suka kama hanya. Jibrilu yana gaba kusa da direba, ya sa farar riga, ya ɗora gwiwar hannu a taga. A baya buhunan albasa ne, da mata 'yan kasuwa huɗu zaune a kansu. Mota tana tafiya lafiya. Suka bar gari, suka bar gonakin bakin gari.

"Ka ji ko?" in ji Jibrilu. "Haka inji yake magana idan ya haɗu da wanda ya san yarensa."

Hammadu ya ƙara riƙe sitiyari. Idonsa yana kan hanya, bakinsa yana motsi.

Sai motar ta yi tuf.

"Rami ne," in ji Jibrilu.

Ta sake yin tuf, tuf. Ta fizga gaba, ta ja baya, sannan salansa ta saki wata ƙara, fau, kamar an harba bindigar toka. Matan da ke baya suka sa salati gaba ɗaya. Gudu ya ragu. Hammadu ya sauko giya ta biyu, yana lallaɓa totur da ƙafa kamar mai taka ƙwai. Dama da hagu babu gida, babu gona, sai daji.

"Tsaya in duba," in ji Jibrilu.

"Nan? Injiniya, nan ko taya ta fita ba a tsayawa. Da uku ake ƙarasawa."

Ɗaya daga cikin matan ta buga rufin motar da tafin hannu, ta leƙo ta taga. "Direba, ba an ce da mai gyaran munka taho ba? Ina yake?"

"Ga shi nan, Hajiya."

"To mi yake jira? Ko shi ma tarin ya kama shi?"

Jibrilu ya janye gwiwarsa daga taga. Zufa ta jiƙa farar rigar. Yanzu kam ya ji tarin da kunnensa, kuma kunnen ya gaya masa wuta ce take ɓacewa. To amma duk abin da ya shafi wuta jiya ya bi shi da hannunsa. Suka yi ta rarrafe. Masu babur suna wuce su suna waiwaye. Wani mai amalanken shanu ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da su har ya gaishe su, ya tambayi mutanen gida. Sun fi rabin awa a haka, kowa zuciyarsa a hannu.

Suna dab da Badarawa motar ta yi wani dogon tari, ta saki da kanta, ta miƙe da gudu kamar ba ita ba. Ba wanda ya taɓa ta.

A Shinkafi, mutane suna cin kasuwa, Jibrilu yana cikin bonet. Ya kwance, ya duba, ya sansana. Komai a bushe, komai a tsabtace. Da la'asar suka juyo, har Kaura motar ba ta yi ko atishawa ba.

Labari ya riga su isa. Da suka tsaya a gareji, jama'a sun cika benci har wasu a tsaye, ga kuma tsani an jingine shi a jikin tsamiya.

Umar ya ce, "Sannu da hanya, bawana. Na aro maka na mai gyaran wuta, ya fi tsawo. In riƙe maka ko za ka iya?"

Jibrilu ya nufi akwatin kayan aikinsa. Ya ɗauki sifana mai lamba goma sha uku, ya hau. Ana ta dariya yana kwance noti na farko. A na biyu dariyar ta ragu. Da ya kai na huɗu ba ka jin komai sai kukan ƙarfe. Ya sauko da allon a kafaɗa, ya shiga da shi rumfar ajiyar kaya, ya jingine shi fuskarsa tana kallon bango. Umar ya buɗe baki zai ƙara wata, ya duba fuskar ɗan'uwansa, sai ya ɗauki tsanin ya mayar wa mai shi.

Kwana uku Jibrilu yana zuwa gareji yana komawa kamar wanda aka yi wa sata. Da safe ya ɗauki tsumma ya nufi tsamiya, sai ya tuna, ya tsaya. Abinci ma kaɗan yake taɓawa. Amma abin da ya fi cin ransa ba allon ba ne, motar ce. Ya zauna ya jera duk abin da ya sani game da ita. Ya san injinta, ya san wayoyinta, ya san har notin da ya lauje a ƙarƙashin kujera. Da ya zo kan ciwon kansa kuwa, sai ya ga abin da ke hannunsa rabin magana ne kawai. Ranar da za ni Shinkafi, da safe idan na buɗe bonet, Inna takan. Takan mi? Sau huɗu mutumin nan yana ɗauko zancen, sau huɗu yana tare shi a hanya.

Ranar Litinin ya hau babur ya je tasha, ya tarar da Hammadu yana jiran lodi. Ya ja shi inuwa suka zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Hammadu, gaya mini labarin tarin nan. Daga farko. Ba zan katse ka ba."

Hammadu ya dube shi da kyau. "Injiniya, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Fara."

Hammadu ya gyara zama. "To. Ka san wagga mota, Baba, Allah shi jiƙansa, hannun wani mutumin Zurmi ya saye ta, shekarar da anka yi farin nan..."

Hannun Jibrilu na dama ya fara tashi da kansa. Ya kamo shi, ya tura ƙarƙashin cinyarsa, ya zauna a kai. Haka ya saurari labarin mutumin Zurmi, da na matarsa, da na ranar da motar ta faɗa rafi da akuyoyi tara a bayanta. Ya ji yadda aka yi mata fenti sau biyu. Hannun ya mutu, ya fara yi masa zugi, bai zare shi ba. Sai da aka kusa kiran azahar sannan Hammadu ya iso bana.

"To kullum da safe ina buɗe bonet in duba baƙin mai da ruwan lagireto, in rufe in tafi. Amma ranar Shinkafi ko Zurmi, Inna takan ce in bar mata shi a buɗe in shiga in sha koko. Idan na fito ta gama nata, sai in rufe mu kama hanya."

"Nata mi?"

"Addu'arta mana. Saboda hanya."

"Yaya take yin ta?"

"Ban taɓa tsayawa na gani ba. Ba ta son a tsaya mata a kai."

"Tun yaushe ta fara?"

Hammadu ya yi tunani. "Wata biyu ke nan. Tun da anka tare motar maƙwabcinmu." Ya dubi Jibrilu. "Kai. Kusan lokacin ne fa tarin ya soma."

"Yaushe za ka Zurmi?"

"Gobe."

"Zan zo gida."

"Injiniya da kansa?"

"Injiniya yana rumfa yana kallon bango. Jibrilu ne zai zo."

Washegari rana tana fitowa Jibrilu yana ƙofar gidan su Hammadu. An buɗe bonet. Can sai ga Inna Asta, mahaifiyar Hammadu, ta fito daga zaure. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, carbi a wuya, ƙoƙo cike da ruwa a hannu. Jibrilu ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai canje-canjen nan? Ɗakin yaro ya cika da ƙarafa a kwali, wai duk marasa lafiya ne."

"Ni ne, Inna. Izini nake nema in tsaya in ga yadda kike yi."

"Ka tsaya, amma ka yi shiru."

"Shi na zo koyo, Inna."

Ta kai ƙoƙon kusa da bakinta, ta yi karatunta a hankali, ta tofa sau uku. Sannan ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ta miƙa hannu cikin injin, ta juye ruwan nan kaf a kan dilko. Har da shafa shi da tafin hannu, yadda ake shafa kan jariri.

Jibrilu ya ji ihu ya taso masa daga ciki. Ya danne shi. Ya jira ta gama shafawa, ta shafa sauran a fuskarta, sannan ya ce, "Inna, mi ya sa nan wurin kike zubawa?"

Ta dube shi kamar ya tambayi inda gabas take. "Kanta ne mana. Ba ka ga kitsonta ba? Ƙirga, guda biyar. Idan za a yi wa yaro tofi, ba a ka ake yi ba? Kai da ake ce maka injiniya."

Hammadu ya fito da kofin koko a hannu, ya tsaya baki buɗe.

Inna Asta ta ci gaba. "Ni ba ni iya bin shi hanyar nan. Ba ni kuma iya hana shi, don da ita muke ci. To wanga shi ne abin da ke hannuna. Hanyar Gusau da mutane, daga ɗaki nake yi masa addu'a. Amma waccan sai na taɓa motar da hannuna hankalina yake kwanciya."

Jibrilu ya ce wa Hammadu ya rufe bonet ya tada ta, kada ya motsa ko'ina. Mota ta tashi sumul. Suka tsaya su uku suna jira, Hammadu yana ɗan taka totur. Minti biyar, minti goma. Injin ya ɗauki zafi. Sai ga shi, a nan ƙofar gida, gaban kaji da awaki: tuf, tuf, fau!

Hammadu ya yi tsalle daga kujera. "Ga shi nan! Wallahi shi ne! Ga tarin nan!"

Jibrilu ya sa aka kashe. Ya naɗe hannu da tsumma ya ɓalle murfin dilko, ya juya cikinsa ga hasken rana. Cikin murfin ya yi gumi jagab, ɗigo-ɗigo kamar murfin tukunya. Ya jiƙa tsumman da fetur ya goge baƙin man da ya lulluɓe bayansa. A ƙarƙashin dattin nan ga tsaga, siririya kamar silin gashi, ta taso daga gindin waya ɗaya ta gangara ƙasa.

Ya nuna wa Hammadu da farce. "Ka gani? Ta nan ruwan yake shiga ya kwanta. Idan inji ya yi zafi sai ya zama tururi, ya jiƙa cikin murfin, wuta ta rasa hanyarta. Idan an daɗe ana tafiya zafi ya busar da shi, sai ta saki. Kafin ka kawo mini ita gareji babu ko alama."

Inna Asta ta ajiye ƙoƙon a ƙasa. Muryarta ta canza. "Wato ni ce nake tsayar da ɗana a dajin nan?"

Jibrilu ya sake durƙusawa a gabanta. "A'a, Inna. Murfin ne ya tsage, tsufa ne. Da ba ki zuba ba, da ruwan damina ne zai tona shi, a tsakiyar hanya, ana tsuga ruwa, ba mai sanin dalili. Ke kin nuna mana ciwon tun da wuri. Mai laifi ni ne. Tun ranar farko ɗanki ya ɗauko zancenki, na hana shi ƙarasawa. Da na yi shiru na minti biyu, da bai sake tafiyar nan da ita a haka ba ko sau ɗaya."

Ta ja carbinta. Sannan ta ce, "To ni dai ba zan bari ba, ka ji in gaya maka."

"Ba wanda ya ce ki bari. Wuri kawai za mu canza. Ki riƙa zubawa a tayoyi, su ke taka hanya."

"Tayoyi! Ka taɓa ganin an yi wa mutum tofi a ƙafa?"

Jibrilu ya yi tunani. Ya miƙe ya rufe bonet, ya dafa gabansa da tafin hannu, tsakanin fitilu biyu. "Inna, dubi nan. Ga idanunta, ɗaya, biyu. To ga goshi. Can ciki da kike zubawa ba kai ba ne, hanji ne."

Ta matso ta duba fitilun, ta duba bonet ɗin, ta ja da baya ta sake dubawa. Sai ta kama baki. "La'ilaha illallahu! Ashe wata biyu a hanji nake zuba mata. Ai dole ta yi tari, baiwar Allah."

Hammadu ya yi dariya har koko ya zube masa a riga.

Jibrilu ya kira Umar a waya ya ce ya buɗe shago ya kawo murfin dilko yanzu, masu lodi suna jira. Ba a jima ba sai ga shi a kan babur. Ya ji yadda aka yi daga bakin Hammadu, ya riƙe ciki.

"Bawana! Wata guda kana kwance mota kana ɗaurawa, ashe tsohuwa da ƙoƙo ce za ta koya maka aiki!"

"Ita ce," in ji Jibrilu, yana jera wayoyi a sabon murfi. "Ita da ɗanta. Ni ban iya ba sai da sunka gaya mini."

Umar ya tsaya. "Haba, ka musa mana. Idan ka yarda tun a karon farko ai ka ɓata mini wasa."

Aka ɗaura murfi. Inna Asta ta koma ciki ta sake ɗebo ruwa, ta sake karatunta, ta zuba a goshin motar yadda ya kamata. Hammadu ya je Zurmi ya dawo lafiya. Alhamis ya je Shinkafi ya dawo lafiya. Damina ta sauka, ya yi ta keta ruwa da taɓo, ba a sake jin tari ba.

Bayan mako biyu Umar ya shigo garejin da safe, wannan karon ba da wasa ba. Ya ce, "Na tambayi malamin unguwarmu. Ya ce rantsuwarka ta cika. Cewa ka yi za ka sauke, ka kuma sauke. Ba ka rantse cewa ba za ka mayar ba. Tashi mu ɗaura abinka, tsamiyar nan ta yi tsirara."

Mutanen bencin mai shayi suka goya masa baya. Jibrilu ya shiga rumfa, ya juyo da allon, ya karanta shi daga sama har ƙasa kamar bai taɓa gani ba. Ya daɗe a tsaye.

Ya ce, "Malam ya yi gaskiya, rantsuwa ta cika. Amma rubutun ne ba daidai ba. An ce Mai Kunne. Mata huɗu da direba na kai dajin can da kunnen nan, don ya ƙi jin magana ɗaya. Ranar da na tabbata ya gyaru, ni zan kira ka ka riƙe mini tsani."

Ya mayar da shi inda yake. A gindin tsamiyar ya sa aka yi masa ɗan benci na mutum biyu. Duk wanda ya kawo mota, nan suke fara zama, mai mota yana magana, Jibrilu yana ji, kafin a taɓa makulli. Shekara huɗu ya ƙara yana aiki a haka, motoci har layi suke yi, kuma har Allah ya karɓi ransa bai kira Umar ya riƙe masa tsanin ba.

Darasin da ke cikin labarin nan, ɗan'uwa mai karatu, shi ne kada gwanintarka ta toshe maka kunne. Kome iliminka a kan sana'arka, wanda yake kwana yana tashi da matsalar ya ga abin da kai ba ka gani ba, ko da bai san sunan ƙarfe ɗaya ba. Ka bar shi ya ƙarasa maganarsa, ko da mai dogon zance ne. Idan ba ka gane abu ba, ka ce ba ka gane ba, ka tambaya, domin hukuncin da aka yanke don gudun kunya yana iya jefa rayukan wasu cikin haɗari. Idan kuma gaskiya ta fito daga bakin wanda ba ka zata ba, ka karɓe ta da hannu biyu, ka faɗi kuskurenka da bakinka. Allah ya ba mu haƙurin sauraro, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.